Ranar da Tafkin Iri Ya Yi Fari

Gari na wayewa aka tarar da tafkin iri ya yi fari.

Ma'aikatan safe ne suka fara gani. Tafkin nan da kullum yake kore shar saboda gansakukar da ke cikinsa, ya koma kamar an dama alli, kumfa mai launin toka na yawo a kansa, warin bilic kuwa tun daga bakin ƙofa yake dukan hanci. Kafin rana ta yi zafi labari ya zaga unguwa. Mutane suka cika harabar masana'antar, kowa da abin da yake faɗi, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan mutum guda: direban tankar yasar masai, wanda ake tsokana da suna Turare.

Sunkuyau yana gyaran kejin tantabarunsa aka aiko kiransa. Tsoho ne dogo siriri, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun dawa. Tun da ya ajiye aiki, in akuya ta ɓata ko an haura katangar wani, shi ake nema. Sunan kuwa daga tafiyarsa ya samo shi, don kullum kansa a ƙasa yake. Matarsa takan ce har yau bai san kamannin fuskarta ba, da sawunta yake gane ta.

Da ya ji abin da aka taɓa, ko hula bai tsaya nema ba.

Ya san wurin tun yana juji, lokacin da tankoki ke zuwa su juye abin da suka yaso su gudu, ko kare ba ya son bi ta nan. Sai ga wata yarinya ta dawo daga karatu ta ce a ba ta filin. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta sa aka gina tafkunan siminti. Dagwalon da tanka ta kawo a bar shi ya kwanta, a yaɗe maiƙon da ya taso sama, ruwan kuma a kora wa gansakuka ta ci ta ƙoshi. In ta yi kauri a kwashe, a shanya, a matse manta, a haɗa da wancan maiƙon a dafa da sinadarai, sai ga dizal garai-garai. Yau da shi injin rijiyar burtsatse ke ba unguwa ruwa, da shi janareton ɗakin haihuwa ke aiki. Masu dariyar jiya su ne suka fara kiranta Injiniya.

A bakin tafkin ya same ta, durƙushe cikin dogayen takalman roba, tana ɗibar ruwan a 'yar kwalba tana ɗagawa saitin rana. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye.

"Sannu, 'yata."

"Yawwa, Baba. Na gode da ka zo."

"Ni ban san kan aikinku ba. Faɗa mini a taƙaice, me aka kashe?"

Ta ajiye kwalbar. "Uwa aka kashe, Baba. Duk manyan tafkunan can, daga wannan ake ɗibar iri a zuba musu. Gansakuka kamar mutane take, kowace da halinta. Wata ba ta da mai, wata ba ta jure zafi, wata ƙazanta kaɗan ta taɓa ta sai ta mutu. Shekaru na yi ina zaɓe ina zubarwa kafin in samu wannan. Jiya muka gama girbe manyan muka wanke su tas, yau za mu zuba sabon iri. Wanda ya yi wannan ya san ranar da ya zaɓa."

"Ba ki da ajiya?"

"Kwalaben ajiyata a kan bencin nan suke, saboda su sha rana. Su ma an tuntsurar da su ciki."

"Mai gadi fa?"

Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo. "Ba mu taɓa ɗauka ba. Wa zai saci ruwan masai?"

Sai wata murya ta katse su. "An kama mai laifi hannu dumu-dumu, ana wani neman mai bin sawu?"

Kawu ne, ƙanin mahaifiyar Injiniya, mai kiwon kifi. Tafkunan kifinsa suna jingine da shingen masana'antar, kuma ruwan da gansakuka ta gama tacewa ta wata magudanar siminti yake gangarawa wurinsa. Yana tafe yana kaɗa mukulli.

"Mai wankin unguwar nan ta ga Turare da asuba yana lodin jarkoki," in ji Kawu. "Ka je ka dubi wandonsa, bilic ya cinye shi. Ni kaina da Allah bai sa na ji ihu na rugo na rufe ƙofar magudana ba, da kifina ma duk sun bi. Na kulle shi a sito don kar jama'a su yi masa illa. A kira 'yan sanda kawai, 'yar nan."

"Kawu, na ce a dakata zuwa la'asar," in ji Injiniya. Ba ta ɗaga murya ba, amma hayaniyar da ke kusa ta lafa. "Mutumin nan tun ranar farko yake tare da ni. Ba zan miƙa shi a kan an ce ba."

Sunkuyau ya dubi ƙasa, ya ja tsaki. Rabin unguwa ta riga ta tattake wurin.

Turare yana zaune a kan wani buhu a cikin sito, ya haɗa kai da gwiwa. Wandonsa ya yi dabbare-dabbare da fari har cinya, ƙwaurinsa ya yi jawur kamar an zuba masa ruwan zafi. Kawu ya tokare bakin ƙofa, a bayansa kawunan mutane suna leƙe.

"Ka shiga tafkin?" Sunkuyau ya tambaya.

"Na shiga, Baba."

"Ka ɗauki jarkoki?"

"Na ɗauka."

"Me ke cikinsu?"

Turare ya ɗaga ido ya dubi bakin ƙofa, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa.

"Ka ji ko!" in ji Kawu. "Bakinsa ya mutu."

"Baba," in ji Turare a hankali, "an ce kai ƙasa ke yi wa magana. Ka tambaye ta. Ni bakina ba zai buɗu a gaban taro ba."

Sunkuyau ya fito yana juya abu guda a ransa. Mai zuba guba daga baki yake tsayawa ya zazzage buhunsa. Me zai kai shi ciki har cinya, ya ƙona fatarsa?

Tun da harabar ta ɓaci da sawun 'yan kallo, sai ya fita ya zaga ta bayan shinge. A wani lungu ya ga inda aka ɗage waya daga ƙasa, 'yar kafa da siririn mutum zai iya ratsawa. An share ƙasar wurin da reshe. A cikin ciyawa kuwa ga buhun garin bilic an cusa shi, babu komai ciki, da tambarin shuɗi a bakinsa.

Duk unguwar mutum ɗaya ce ke yi wa kayanta irin wannan tambari.

Mai wanki tana tsaye cikin igiyoyin shanya, zannuwan gado na kaɗawa a bayanta. Tana ganin buhun ta dafe ƙirji.

"Nawa ne! Tun safe nake nemansa, na zagi kowa a gidan nan. A rumfar can nake ajiyewa, ko ƙyaure ba ta da shi."

"An ce kun taɓa faɗa da Injiniya."

"Da can! Wari na shiga mini kaya, masu kaya na dawo mini da su. Na je na yi mata tatas. Ka san abin da yarinyar nan ta yi? Ta rufe ramin dagwalon, ta shuka bishiyoyi tsakaninmu, ta zo da kanta ta shinshina zannuwana ta ce, Inna, yanzu fa? Ni da nake wanki da ruwan famfon nan, in kashe abin da ke ba ni ruwa? Hauka nake yi?"

"Ke kika ga Turare?"

"Da idona. Yana ta sauri yana haki. Abin da ya ba ni mamaki ma, gaban mota ya sa jarkokin, a kan kujera, yana lallaɓa su kamar mai ɗauke da jariri." Ta matse wata riga ta yarfe. "Ni dai in za ku bincika, ku bincika waɗancan masu awon filin da suka zo kwanakin baya, suka bi ta kan tafkunan kifi suna kafa jajayen turaku. Tun ranar ban ga fuskar alheri a wajen nan ba."

Daga nan ya nufi gidan mai na bakin titi, don wasu a cikin taron sun ambaci mai shi. Ya same shi ya cika kujera fam a ƙarƙashin fanka, ya ɗora kumburarriyar ƙafa a kan bokiti.

"Na san za ka zo," in ji mai gidan man yana dariya. "Ta ina aka ce an shiga?"

"Ta ƙarƙashin waya."

"To dube ni da kyau, tsoho. In na cusa kaina nan, sai an kira masu walda sun yanko ni."

"Ana aike ai."

"Ana yi. Ba zan ɓoye maka ba, da ta ƙwace mini cinikin famfo da na asibiti na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarta. Amma leƙa can." Ya nuna wani famfon mai da aka yi wa sabon fenti kore. "Nata zan fara sayarwa a wannan. Ni na je na same ta da ƙafar nan tawa mai ciwo. Yanzu wanda ya kashe mata iri, ni ya kashe wa kasuwa. In ka kama shi ka kawo mini shi in zauna a kansa."

Rana ta take tsaka lokacin da Sunkuyau ya koma masana'antar. Wannan karon bai tsaya inda jama'a suka tsaya ba. Ya zaga can ƙarshen tafkin, bayan fankar da ke juya ruwa, inda taɓo ya hana 'yan kallo zuwa. Nan ƙasa ta fara yi masa magana. Sawun ƙafa ne babu takalmi, shiga da fita, shiga da fita. Na shiga sama-sama, na fita ya nutse, alamar mai shi yana fitowa da nauyi. A kan simintin gefe kuma ga ɗigon ruwa ya bushe a jere. Ya durƙusa ya kankara da farce, ya duba.

Kore ne.

Ya bi ɗigon har inda tayar tanka ta tsaya, ya bi tayar har ta hau kwalta. Daga nan bai buƙaci sawu ba, ya san gidan.

Ya yi sallama ya yi sallama kafin matar Turare ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Ba ya nan."

"Na sani, 'yata. Daga wurinsa nake. Ni ne Sunkuyau."

Daga ciki yana jin ƙarar ruwa ana motsa shi, cakal-cakal. Can sai ƙyauren ya buɗe kaɗan.

Tsakar gidan babu wurin sa ƙafa. Bahon wanki, bokitai, robar wankan jariri, har da babbar tukunyar girki, duk an jera su a rana, kowanne da ruwa kore-kore a ciki. Matar tana riƙe da sanda, gumi ya jiƙe mata riga. Ko da take kallonsa hannunta bai daina juyawa ba, ta gama da wannan baho ta matsa na gaba.

"Ya shigo da asuba ƙafarsa duk ta saɓule," in ji ta. "Ya ce ya kai lodin farko ya tarar fari na cin tafkin, saura ɗan lungu guda. Ya kira Injiniya bai same ta ba. Ya ce in ƙara musu ruwan rijiya, in sa su a rana, kar in bari ruwan ya kwanta, haka ya ga ana yi. Ya ce kar kowa ya sani sai ita, don bai san wanda ya yi ba, kar a biyo sauran. Ya koma ya faɗa mata, har yanzu shiru. Baba, lafiya dai?"

Sunkuyau ya gaya mata gaskiya, ya lallaɓa yadda zai iya. Hawaye suka zubo mata sharr. Ya zaci za ta yar da sandar ta fita da gudu, sai ya ga ta share fuska da gefen hannu ta matsa baho na gaba.

"Ka je ka fito mini da shi," in ji ta. "Ni ba zan iya barin nan ba."

A hanyar komawa zuciyarsa ta yi sanyi ta wani gefen, ta wani gefen kuma da sauran aiki. Ya san wanda bai yi ba. Wanda ya yi fa? Siriri ne, ya san rumfar mai wanki, ya san ranar wanke tafkuna, ya iya share sawu. Mutumin da ya share ƙasa haka, sai dai a neme shi a inda bai ga dalilin sharewa ba.

Ya bi gefen tafkin a hankali har ya zo bakin magudana. Tana dab da bencin kwalabe, wato daidai inda aka zazzage buhun. Ƙofarta farantin ƙarfe ne da ake zurawa daga sama. Sunkuyau ya kwanta rub da ciki ya leƙa wannan gefen, ya leƙa wancan. Ya taɓa gefunan farantin da yatsa. Ya daɗe a kwance.

Da ya ɗago, idonsa ya sauka a kan tafkunan kifi da ke ƙetaren shinge. Ruwansu lafiya lau, kifi na ta watsal-watsal, jajayen turaku sun ratsa tsakaninsu a jere. Ya zauna a kan simintin ya yi tagumi. Sau nawa suka zauna da mai tafkunan nan suna hira a inuwa guda.

La'asar na yi ya ce a tara masa mutane a bakin magudana. Injiniya ta zo da ma'aikatanta. Mai wanki ta zo tana goge hannu. Mai gidan mai ma sai da ya sa aka kawo shi a mota. Kawu ya buɗe sito ya taso Turare a gaba. Sauran jama'a suka yi cirko-cirko a bayan shinge.

"Buhun bilic na mai wanki ne," in ji Sunkuyau, "amma sata aka yi mata. Mai gidan mai kuwa, kowa ya dubi kafar da aka shiga ya dube shi."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri.

"Saura Turare. Ya shiga tafki, gaskiya ne. Amma ta can ƙarshe ya shiga, ba ta nan da aka zuba guba ba, kuma abin da ya fito da shi kore ne. Mu ajiye wannan tukuna." Ya juya. "Mai kifi, yaushe ka ce ka rufe ƙofar nan?"

"Da safe mana, da na ji ihu."

"Lokacin tafkin ya riga ya yi fari?"

"Fat! Kowa ya gani."

"Injiniya, ruwan magudanar nan yana tsayawa in kun tashi aiki?"

"Ba ya tsayawa, Baba. Yana shiga ta can yana fita ta nan, dare da rana."

"To, ku matso ku leƙa."

Suka matso. Ta gefen tafki simintin ya yi fari tas kamar an kankare shi. Ta ɗaya gefen kuwa, tun daga jikin farantin har iyakar ganin ido, gansakukar da ke manne a bangon magudanar tana nan kore shar, 'yan ƙwarin ruwa na wasa a cikin ɗan ruwan da ya rage.

"Da ruwan guba ya bi ta nan ko na ɗan lokaci ne, da wannan koren bai rayu ba," in ji Sunkuyau. "Ko ɗigo bai wuce ba. Ku dubi gefunan farantin, an cusa tsumma an liƙe da yumɓu, an shafe shi sumul, har ya bushe. Wannan ba aikin mai gudu ba ne. An rufe ƙofar nan kafin a zuba bilic. Wanda ya rufe ya san abin da ke tafe, kuma akwai abin da yake jin tausayi a ƙarshen magudanar."

Mukullin da ke hannun Kawu ya faɗi a kan siminti.

"Kawu?" in ji Injiniya. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

Kawu ya zauna daɓas a gefen magudanar.

"Masu awo ne suka gaya mini," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Suka ce in fara neman inda zan kai kifina, za a faɗaɗa masana'anta ta kan tafkunana. Daga bakin baƙo na ji, 'yar nan. Ni da na ɗauko miki bulon farko a ka lokacin da kowa ke miki dariya. Na jira ki zo ki faɗa mini, kullum sai ki gaishe ni ki wuce. Sai na ce in irin ya mutu za a fasa. Ban yi tunanin komai ba bayan wannan. Wallahi ban yi ba."

Hayaniya ta ɓarke a bayan shinge, wasu samari suka fara haurowa. Injiniya ta taka ta tsaya tsakaninsu da kawunta.

"Duk wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa." Ta tsaya har suka ja da baya, sannan ta juyo. "Kawu, rashin faɗa maka laifina ne. Ina ta neman inda za a mayar da kai kafin in buɗe baki, kunya ta hana ni, na bari ka ji a waje. Wannan na ɗauka. Amma ka wuni riƙe da mukulli kana cewa a kai bawan Allahn nan ga hukuma, alhali ka san abin da ka sani. Wannan ya fi tafkin yi mini ciwo." Ta dubi Turare, ta sake duban kawunta. "Da shi ne ya yi, da yanzu yana hannun 'yan sanda. Ba zan canza ma'auni don kai ƙanin uwata ne ba. Ni zan raka ka da kaina, kuma zan faɗa musu nawa laifin. Kifinka za a ci gaba da ba su abinci har ka dawo."

Kawu ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ja jiki ya matsa gaban Turare.

"Ka yafe mini."

Turare ya dube shi, ya dubi ƙwaurinsa da ya fara tashin bororo. "Na ji, Kawu. Yafiyar dai ka bari ƙafata ta huce tukuna."

Mutanen da suka wuni suna zaginsa suka kasa haɗa ido da shi. Mai wanki ta matso tana murza gefen zane. "Ni dai abin da na gani na faɗa, ɗan nan."

"Gaskiya kika faɗa, Inna. Na ɗauki jarkoki."

"To yanzu bakinka ya iya buɗuwa," in ji Sunkuyau. "Gaya mata abin da ke cikinsu."

Turare ya juya wajen Injiniya. "Ranki ya daɗe, ban sani ba ko sun rayu. Abin da hannuna ya kai kawai na kwaso."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta fahimci Hausar ba. Sai ta juya da gudu ta shiga ɗakin gwaji, ta fito rungume da wani akwati.

Sai da ta cika alkawari tukuna. Ta raka kawunta ofishin 'yan sanda, ta yi bayaninta, sannan motar mai gidan mai ta wuce da su gidan Turare, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Matar tana nan inda Sunkuyau ya bar ta, sandar na hannunta, tafin hannunta ya yi bororo.

Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi bahunan, ta dubi robar wankan jaririn, ta dubi tukunyar girkin. Ta buɗe akwatin ta fito da madubin duba ƙananan halittu, ta ɗora a kan wani benci. Ta ɗiga ruwan baho guda a kan ɗan gilashi, ta sa ido. Ta canza, ta ɗauko na bokiti. Ta sake canzawa.

"Wannan ya mutu," in ji ta. "Wannan ma." Ta ɗiga na tukunyar girkin, ta daɗe tana murza wani ɗan maɓalli. Ta ɗago kai. "Suna nan. Suna raye."

Matar Turare ta saki sandar, ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka.

Injiniya ta share idonta, nan take ta koma Injiniyarta. "Ba yawa gare su ba, amma sun isa. Daga tukunya zuwa baho, daga baho zuwa tafki. Zai ɗauke mu makonni. Man da ya rage a tanki na ɗakin haihuwa ne, ba mai taɓa shi."

"Famfo kuma ki bar mini," in ji mai gidan mai. "Ba zan bari Inna ta rasa ruwan wanki ta dawo kaina ba."

"Kai kuma," ta dubi Turare, "asibiti yanzun nan. Ita ma a duba hannunta. Tukunyar nan kuwa, 'yar'uwa, kin yi haƙuri, ta zama ta ma'aikata."

Sunkuyau yana gefe yana kallonsu. A gandun daji ya sha bin sawu ya tarar da gawa a ƙarshe, har ya saba. Bai cika tarar da irin wannan ba.

"Baba," in ji Injiniya, "ka wuni kana wahala a kan abin da ba ka taɓa gani ba. Zo ka gan su."

Ya matso yana ɗari-ɗari, ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan. Da farko haske kawai ya gani. Ta murza maɓallin kaɗan, sai ga su: 'yan ƙwallaye kore, ba su ƙirguwa, wasu a ware wasu a manne, kowace da ɗan ɗigon mai yana ƙyalli a cikinta. A ɗigon ruwa guda, wanda da a ƙasa ya gan shi da sai ya taka ya wuce.

Ya daɗe bai ɗago ba, har bayansa ya fara ƙagewa.

"Yaya, Baba? Ka gan su?"

"'Yata," in ji shi, idonsa na kan madubin, "a miƙo mini kujera. Wannan kallon ba na tsaye ba ne."